Ƙanina da wayar tsakar dare

Makon jiya wajen ƙarfe 2 na dare na fito shan ruwa, sai na hango haske ta ƙasan bargon ƙanina, ɗan shekara 15 fa. Ina yaye bargon sai ga gogan naku yana kallon bidiyo a TikTok, ido ya yi jawur, wai "Yaya, wallahi yanzun nan zan kashe."

Raina ya ɓaci sosai, amma gaskiya ba duka laifinsa ba ne. In yaro ya fara balaga, sinadarin melatonin mai kawo bacci yakan makara kafin ya fito, shi ya sa ƙarfe 9 na dare su a wajensu kamar yamma ce, hasken waya kuma ya zo ya ƙara dagula lissafi. Likitoci na cewa 'yan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar baccin awa 8 zuwa 10, shi ko 5 ba ya samu, ga makaranta da sassafe, ga fushi ba gaira ba dalili, magana ɗaya ya kumbura baki. Kuma ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, to ina zai ajiye waya da kansa?

Yanzu dai ƙarfe 10 wayarsa a ɗakina take kwana. Ya kafa sharaɗi wai tawa ma a ajiye, abin kunya ni ce na fara karya dokar.