Saiwoyin sama na monstera: inda na kai da su

'Yan uwa da muke koyon renon shukokin ɗaki tare, ga inda na kai da monsterata, shukar ɗaki mai manyan ganye masu tsaga, a kan batun saiwoyin nan da ke fitowa daga jikin kara suna reto a iska. Tun da ta kama girma sosai, kusan duk sabon ganyen da ya buɗe sai wata saiwa ta leƙo daga gaɓarsa. Da ɗan ƙullutu take farawa, sai ta miƙe, ta yi kauri, ta nufi ƙasa ko ta nufi bango. Yawancinmu tambaya ɗaya muke yi a nan: a yanke ko a bari? Ni dai abin da na tsaya a kai yanzu shi ne a dubi kowace saiwa ita kaɗai, a ba ta aikin da ya dace da ita. Almakashi sai an rasa yadda za a yi.

Sai da na koma kan yadda shukar take rayuwa a dajinta sannan abin ya zauna mini. Monstera deliciosa 'yar kurmin kudancin Meziko ce har zuwa Panama, kuma wani masanin tsirrai ɗan Denmak, Frederik Liebmann, shi ya raɗa mata wannan suna a 1849. A can ba ta tsayuwa da ƙafarta. Irin yana tsirowa a ƙasa, ɗan tsiron ya yi ta rarrafe har ya sami gindin bishiya, sannan ya fara hawa, kuma hawan yana iya kaiwa mita 20. Yadda yake gano bishiyar shi ya fi burge ni. A 1975 Donald Strong da Thomas Ray sun wallafa binciken da suka yi a Kosta Rika kan wani jinsin monstera, suka nuna cewa ƙananan tsiron suna bin duhu ne, domin a cikin kurmi wuri mafi duhu a kusa yawanci gindin babbar bishiya ne. Da zarar shukar ta kama jikin bishiyar, sai ta fitar da saiwa iri biyu daga gaɓoɓinta: gajeru masu manne wa ɓawo su riƙe ta, da dogaye masu gangarowa har ƙasa su jawo mata ruwa da abinci. A tukunyar da ke ɗakinmu babu bishiya, ƙasar kuma tafin hannu ce. Shi ya sa muke ganinsu suna lalube a iska. Lafiyar shukar ƙalau, abin kamawa take nema.

Aiki na farko da na yi shi ne gano gaba da bayan shukar. Ku duba taku da kyau: ganyaye duk gefe ɗaya suke fuskanta, wajen haske, saiwoyin kuma daga ɗaya gefen suke fitowa. Wannan gefen na saiwoyi shi ne baya, kuma nan turken da shukar za ta hau zai tsaya, manne da kara. Da tsumma mai laushi na ɗaure, tsakanin gaɓa da gaɓa, sako-sako yadda kara zai iya ƙara kauri. Kada a haɗa da wuyan ganye a ɗaurin. Ganyen yana juyawa yana bin haske, akwai ma 'yar gwiwa a ƙarshen wuyan, dab da ganyen, wadda ke yin wannan aiki, kuma idan aka ɗaure shi an hana shi.

Batun turken shi ya fi cin lokacina, kuma a nan na ga bambanci mafi girma. Na gwada iri biyu a kan shuka biyu masu kusan girma ɗaya. Na farko turken da aka naɗe da zaren ɓawon kwakwa, wanda ake sayarwa a shirye. Yana tallafe shukar, ba laifi, amma zaren a matse yake kuma nan da nan yake bushewa, don haka saiwoyin suka riƙa goga shi suna wucewa. Na biyu ni na haɗa: na naɗe ragar roba ta zama bututu, na jiƙa busasshiyar gansakukar sifagnam (wata gansakuka mai riƙe ruwa kamar soso), na matse ruwan har ya daina ɗiga, na cusa ta ciki ba tare da dannewa sosai ba. Bayan 'yan makonni saiwar da ke gaɓar sama ta shige cikin ragar da kanta. Da na leƙa ta gefe sai na ga ta yi rassa, ƙananan farare sun bazu cikin gansakukar. Ashe idan saiwar sama ta sami danshi da duhu sai ta koma aikin saiwar ƙasa, kuma kowace gaɓa ta sami inda take sha a kusa da ita.

Sai dai turken gansakuka ba ya son a manta da shi. Idan ya bushe ƙayau, ruwa gangarewa yake yi ta gefe bai shiga ba, sai an yi ta zuba kaɗan-kaɗan kafin ya sake sha. Dabarar da ta sauƙaƙa mini ita ce gorar ruwa: a huda murfin da allura, a cika, a kifa ta a saman turken ta riƙa ɗiga a hankali. Ku lura da abu ɗaya. Duk ruwan da ya wuce ta turken cikin tukunya yake ƙarewa, don haka na rage ban ruwan ƙasar sosai. Sai na tura yatsa na ji santimita 4 zuwa 5 na sama sun bushe sannan nake ba ta. Taki ma ta turken nake zuba shi yanzu, na ruwa, tsarma-tsarma.

Dogayen saiwoyin da suka riga suka wuce turke kuwa, ƙasa na nuna musu. Na buɗa rami da yatsa a cikin tukunyar, na sa bakin saiwar, na rufe, na danne da 'yar lanƙwasasshiyar waya don kada ta zame. A nan ake bukatar sanyin hannu. Tsinin saiwar, wurin nan mai haske da taushi, shi ne ke girma, kuma ƙaramin abu ke karya shi. Sabuwar saiwa tana lanƙwasuwa yadda ake so, amma wadda ta tsufa ta yi ruwan ƙasa ta yi tauri, idan aka tanƙwara ta da ƙarfi sai dai a ji ƙas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka abin yake a nan. Ga tsofaffin, naɗe su nake yi da jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci, sannan in riƙa karkato su kaɗan-kaɗan, yau kaɗan gobe kaɗan. Yanzu idan na ɗan ja waɗanda na binne sai in ji sun kama, shukar ma ta daina rinjaya gefe ɗaya. Ƙarfinsu ba wasa ba ne: a Meziko ana saƙa kwando da irin waɗannan saiwoyi, a Peru kuma ana yin igiya da su.

Akwai shawarar da ke yawo cewa a tsoma saiwar a kofin ruwa, wai ganye zai yi girma nan take. Na sa guda ɗaya na gani. Ta fitar da fararen rassa da sauri, gaskiya ne, amma ban ga wani canji a ganyen da zan ce daga kofin ya zo ba. Ga canjin ruwa a kai a kai, in ba haka ba ya yi wari ko sauro ya yi ƙwai a ciki, kuma rassan da suka taso a ruwa ba su da ƙwari idan aka mayar da su ƙasa. Na bar wannan. Fesa musu ruwa kullum ma ban ɗauke shi wani abu ba, don cikin mintuna kaɗan ya bushe.

Waɗanda na yanke su ne masu nufar bango da wadda ta bi bayan kujera. Saiwar monstera tana manne wa fenti, ranar da aka zo ɓamɓare ta kuwa tare suke tashi. Na goge almakashin da sifirit, na yanke kusa da kara na bar ɗan guntu don kada in ji wa karan rauni. Yanke saiwa ɗaya ko biyu ba ya cutar da shuka mai lafiya, amma ba na kwashe su gaba ɗaya a zama ɗaya. Ku sa rai wata za ta sake fitowa, ko guntun ya yi reshe. Ku sa safar hannu idan fatarku ba ta da juriya, domin ruwan jikin shukar yana ɗauke da ƙananan tsinayen sinadarin kalsiyam oksalet masu sa ƙaiƙayi, kuma a kwashe guntayen kada yaro ko kyanwa ko kare su tauna. Wani abu da masu fara koyo ke yawan tambaya: saiwar da aka yanke ba ta zama sabuwar shuka. Idon toho a gaɓa yake, sai an haɗa da gaɓa a yankan sannan za a sami tsiro.

Game da launi, kada ruwan ƙasa ya tsorata kowa. Saiwa tana farawa da haske, ta tsufa ta yi ɓawo mai kaushi, wani lokaci ma ɓawon ya ɗan saɓule. Idan tsini ya bushe ya tsaya, yawanci iskar ɗakin ce ta bushe da yawa, ko an cika taɓa shi. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ita ce ta ruɓe, kuma a cikin turken da ya jiƙe sharkaf ake samunta. Sai a yanke har inda ya yi fari da tauri, a bar turken ya sha iska.

To, ina sakamako? Ganyayen da suka fito bayan saiwoyin sun shiga turke sun fi na baya faɗi, kuma na baya-bayan nan ya zo da hujoji a tsakiya ƙari a kan tsagar gefe. Ba zan jingina wannan duka ga turken ba, don shukar ta ƙara shekaru, kuma tana kusa da taga mai haske sosai inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Ba tare da isasshen haske ba, ko turken zinariya aka kafa mata ganyen ƙanana zai riƙa zuwa. Ɗumi ma yana da hannu: tsakanin digiri 18 zuwa 30 na ma'aunin Selshiyas take sakewa, idan sanyi ya sauko kusa da 10 sai girma ya tsaya, har da na saiwoyin. Masu renon fotos, shukar ɗakin nan mai yaɗo da ake kira Epipremnum aureum, su ma su gwada turke. Danginsu ɗaya da monstera, kuma ganyensa yana ƙara girma sosai idan yana hawa maimakon reto.

Abin da ke hannuna yanzu shi ne gaɓa ta biyu daga sama. Na naɗe ta tare da 'yar saiwarta da jiƙaƙƙiyar gansakuka, na rufe da leda mai ganin ciki, na huda 'yan ƙofofi don iska. Idan fararen rassa suka cika ledar zan yanke kara a ƙarƙashin gaɓar in dasa sashen saman a wata tukunya, ya tafi da saiwarsa a shirye. Ɗaya shukar kuma ta kusa kai ƙarshen turkenta, don haka zan ɗinka wani bututun ragar a samansa, in ɗaura sanda mai ƙarfi a baya ta riƙe su biyun, tun kafin saiwar gaɓa ta gaba ta leƙo.