Kafin ka sayar da riɗinka ka sayi kwamfutar maining

Ƙannena, musamman ku da kuke wuni a shagon caji kuna nuna wa juna hoton injinan maining a waya, akwai tambayar da ba na sati ba a yi min ita ba: Yaya wai tsakanin furosesa da katin girafik wanne ya fi gudu wajen haƙo kirifto? Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, katin girafik kuma shi ne mai sarrafa hoto da bidiyo. To ita tambayar a yadda kuke yinta ɗin nan, ita ce ta cinye min kuɗin riɗin damina guda, shi ya sa nake so ku karanta wannan a tsanake kafin wani cikinku ya ɗauki kuɗin amfanin gona ko kuɗin akuyar Inna ya hau motar Kano.

Da farko ku gane mene ne ma gudun. Maining ba komai ba ne illa canka, inji yana ta cankar lamba yana gwadawa har a dace da wadda tsarin yake nema, wanda ya dace shi ake ba lada. Yawan cankar da inji yake yi a sakan ɗaya shi ake kira hashret. In kun ga H/s to canka ɗaiɗai ne, kH/s dubu, MH/s miliyan, GH/s biliyan, TH/s tiriliyan. Ni a farkon 2021 lokacin da kirifto ke tashe kowa na maganarta, na shiga intanet na ga an rubuta katin RX 580 yana yin wajen 30 MH/s, furosesa kuma Ryzen 5 3600 tana yin wajen 7 kH/s, sai na ɗauki kalkuletar waya na raba, na ga katin ya ninka ta sama da sau dubu huɗu, nan take na yanke hukunci cewa furosesa ɓata lokaci ce. Abin da ban sani ba shi ne lambobin nan biyu ba na aiki ɗaya ba ne sam. Miliyan 30 ɗin na lissafin Ethash ne wanda Ethereum ke amfani da shi a lokacin, dubu 7 ɗin kuma na RandomX ne, lissafin Monero. Da za ka ɗora katin nan a kan RandomX ko dubu ɗaya ba zai kai ba, furosesar nan ta ninka shi ba kaɗan ba, in kuma ka ɗora furosesar a kan Ethash ko miliyan ɗaya ba za ta kawo ba. Kowane koyin, wato kowane nau'in kuɗin kirifto irin su Ethereum da Monero, da irin lissafinsa, ba a haɗa lambar wannan da ta wancan a ce ga wanda ya fi.

Dalilin kuwa yana cikin ƙirarsu. Ku ɗauka kamar noma ne. Furosesa manyan ƙwararru ne 'yan kaɗan, ita Ryzen 5 3600 ɗin ƙwaƙwalwa 6 gare ta, amma kowacce duk aikin da ka ba ta za ta iya, ko da yana canzawa kowane lokaci. Katin girafik kuma aikin gayya ne, RX 580 yana da ƙananan ma'aikata 2,304, RTX 3080 yana da 8,704, kowanne shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi amma in aikin sara ɗaya ne da za a yi ta maimaitawa a kunya dubu, to kafin ƙwararrun su gama kunya goma su sun share gonar. Shi ya sa duk lissafin da yake maimaici ne kati ke cinyewa. Su kuma masu Monero da gangan suka kawo RandomX a watan Nuwamba 2019, lissafi ne da yake ta sauya umarni a hanya, don kwamfutar gida ta samu shiga. Kuma a nan ma ba yawan gigahaz ɗin da ake rubutawa a jikin kwali ne kaɗai ke aiki ba, kowane layin aiki yana son 2MB na ƙaramar ma'ajiyar da ke cikin furosesar, wadda ake ce wa L3. Ryzen ɗin nan tana da 32MB, ta ishi layukanta 12, wato biyu a kowace ƙwaƙwalwa, har da saura. Tsohuwar laftof ɗina mai Core i5 3MB gare ta kacal, wato layi ɗaya ne zai yi aiki sosai, da na gwada ta daga baya ko dubu ɗaya ba ta kai ba, ga zafi har ba ka iya ɗora ta a cinya.

Bitcoin kuma ku cire shi ma daga lissafi, da furosesar da katin duk an wuce wajen. Gaskiya ne da Satoshi Nakamoto ya fara shi a Janairun 2009 da kwamfutar gida ake haƙowa, a 2010 aka koma kati, amma tun 2013 injinan ASIC suka shigo, waɗanda ba su san komai ba sai lissafin Bitcoin mai suna SHA-256. Antminer S19 Pro guda ɗaya yana yin 110 TH/s yana jan wat 3,250. Ko da katinka zai yi biliyan ɗaya a sakan, sai ka tara irinsa 110,000 kafin ka kamo inji ɗaya, su kuma manyan kamfanoni a Amurka dubbai suke jerawa a rumfa guda. Ladan ma raguwa yake, daga Bitcoin 50 a farko ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, sannan 3.125 a Afrilun 2024. Duk wanda ya ce maka zai saka maka manhaja a laftof tana haƙo maka Bitcoin, ka yi masa sallama kawai ka wuce.

To ni da lissafina na kalkuleta na sayar da riɗi na tafi Kano. A wani shago na tarar da RX 570 na hannu, farashinsa ƙasa da na sauran sosai, na yi murna na ɗauka arha na samu. Mai shagon bai yi min ƙarya ba, tambayata ɗaya ce, Alhaji yana maining? ya ce yana yi, kuma yana yin. Abin da ban tambaya ba shi ne girman ma'ajiyarsa. 4GB ne. Shi Ethash akwai wani babban fayil da ake kira DAG wanda dole ya zauna gaba ɗaya a cikin ma'ajiyar katin, kuma kullum girma yake, a ƙarshen 2020 ya kai inda katunan 4GB suka kasa ɗaukarsa, shi ya sa masu maining na waje suka yi ta zubar da su kasuwa suka yi arha. Na dawo gida na haɗa komai na kunna, manhajar ta ƙi tashi tana ta rubuta jan rubutu cewa ma'ajiya ba ta isa ba. Dole na koma Ethereum Classic, don su sun rage girman nasu fayil ɗin a Nuwamban 2020, amma abin da ake samu can bai kama ƙafar na Ethereum ba. Daga baya na cika kuɗi na canza zuwa RX 580 mai 8GB, ban daɗe ina amfani da shi ba sai ga 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum ta daina maining ɗungurungum ta koma tsarin ajiye koyin a matsayin jingina. Kuma wallahi ba a ɓoye aka yi ba, an yi shekaru ana sanarwa, ni ne nake kallon lambar gudu kawai ban taɓa karanta labarin koyin ɗin da nake haƙa ba. A dare ɗaya duk katunan duniya suka kwararo kan ƙananan koyin irin su Ravencoin da Ergo da Ethereum Classic, rabon kowa ya zama ɗan mitsitsi.

Amma ko da duk waɗannan ba su faru ba, abin da ya fi ci min kuɗi wuta ce, kuma ita nake so ku fi riƙewa don ita ce tamu ta nan. Inji ba ya biya sai yana aiki dare da rana. Katin da sauran kwamfutar tare suna jan wajen wat 200, ka ninka da awa 24, ya ba ka yunit 4.8 kullum. A ƙauyenmu kun sani ana iya kwana da kwanaki ba a kawo wuta ba, in an kawo ma wani lokacin ba ta da ƙarfi ko fanka ba ta juyawa sosai. Sai na koma janareta, kuma tun lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba na lura kuɗin cajin waya da nake tarawa ne ke tafiya gidan mai. Bayan an cire tallafi a 29 ga Mayu 2023 lita ta haura 500, daga baya ta wuce 1,000, to a nan babu ma abin lissafawa. Na yi tunanin sola, na zauna da mai haɗa sola ya buga min: ranar da take ba da wuta sosai awa biyar zuwa shida ce, don haka sai fanel na sama da wat 1,000, sauran awannin kuma batir ne zai riƙe. Batirin 200Ah mai bolt 12 yunit 2.4 yake ɗauka, kuma in kana son ya daɗe ba ka shanye fiye da rabi, wato sai wajen guda uku saboda kati ɗaya tak. Kuɗin batiran kaɗai ya fi kuɗin kwamfutar. Su waɗanda kuke gani a YouTube suna dariya gaban injina, wutarsu ba ta ɗaukewa kuma da arha suke saye. A nan Najeriya ko 'yan birni masu Band A naira 225 aka sa musu yunit a Afrilun 2024. Saboda haka in za ku gwada inji da inji, ku raba gudun da wat ɗin da yake ja. GTX 1660 Super ma wajen 30 MH/s ɗin yake yi a Ethash amma da wat kusan 80, RX 580 kuwa sai ya haura 120, gudu ɗaya ne amma ba ciki ɗaya ba.

Sai zafi da ƙura, waɗanda ba wanda zai faɗa muku a bidiyo. Watan Afrilu da Mayu a nan zafi yana haura digiri 40 a inuwa, shago kuma rufin kwano ne. Da azahar sai in ga katin ya wuce digiri 80, fankokinsa na ihu, shi kuma da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, lambar da na saya saboda ita sai ta sauka. Da hunturu ya zo na ce na huta, ashe ƙura ce ke jira. Ranar da na kwance shi na tarar da ita ta dunƙule tsakanin ƙarafan sanyaya kamar auduga, ja-ja, na yi ta kankarewa da tsohon buroshin haƙori, man da ke kan ƙwaƙwalwar katin ya bushe ya farfashe, fanka ɗaya kuma tana juyawa tana gurnani don ƙura ta cinye mata ciki.

Yanzu ga yadda za ku yi lissafin da ni ban yi ba, da biro da takarda, kafin ku kashe ko sisi. Mu ɗauki Monero tunda ita ce mai furosesa zai iya taɓawa. Ana fitar da bulok, wato zagayen cankar da ake biyan lada a kansa, duk minti 2, wato 720 a rana, kowanne da ladan 0.6, jimla Monero 432 kenan a rana da duk masu haƙa na duniya za su raba. Gudun duniya gaba ɗaya biliyoyi ne a sakan, yana hawa yana sauka, ku duba na ranar a intanet, amma a ce biliyan 3 ne. Laftof ɗinka a ce tana yin 1,000, rabonka kashi ɗaya cikin miliyan 3 kenan, 432 a raba miliyan 3 ya ba ka 0.000144 a rana, shi ma in ba ta mutu ko na minti ɗaya ba. Ka ninka da farashin ranar, ka mayar naira, ka cire kuɗin wuta da data, sai ka ga abin da ya rage da idonka. Haka ake yi wa kowane koyin da kowane kati, kuma kar ka manta duk lokacin da farashi ya tashi mutane ke ƙaruwa, rabon ya sake raguwa.

Na san wani zai ce to ai mu a waya muke namu. Pi da Notcoin da Hamster Kombat da kuka yi ta dannawa kuna jiran fashewa, wayar ba ta yin wata canka, maki ne kamfani ke rubuta maka, shi ya sa mai babbar waya da mai ƙarama duk ɗaya suke samu, kar wanda ya ruɗe ka ka canza waya don wai ta fi gudun maining. Google ma tun 2018 ya hana manhajar da ke maining na gaske a kan waya shiga Play Store. Wanda kuma ya ce ka turo kuɗi a haya maka inji a Turai riba tana shigowa kullum, ka tambayi kanka me ya sa mai injin da ke kawo riba zai nemi dubu ashirin ɗinka.

Ba ina hana ku koyo ba ne, ni ma a nan na koyi haɗa kwamfuta da gyaranta, kuma yau shi nake ci. In kana da kwamfutar tebur mai Ryzen a hannu, kuma solarka tana da rara da rana bayan batir ya cika, ka sauko da XMRig, manhajar haƙo Monero, daga shafinsu na asali, kar ka karɓi wanda aka turo a guruf ɗin WhatsApp don ana cusa musu ɓarayin walet, wato asusun ajiyar kirifto, ka kunna daga hantsi zuwa la'asar kana duba zafi, ka ga lambarka ta gaskiya. Laftof dai kar ka saka ta, ba a yi ta don wannan wahalar ba. In kuma kati za ka saya na hannu don aikin bidiyo ko zane, ka tambayi GB nawa ne, ka sa a kunna maka shi a shagon ya yi aiki mai nauyi na kamar rabin awa kana tsaye, kana kallon zafinsa kana sauraren fankokin, in ka ga ɗige-ɗige ko layuka sun fito a sikirin to maining ya riga ya gajiyar da shi, ka mayar musu da kayansu.