Abin da Na Gani a Gidajen Zane-zanen Amurka

Taron aiki ne ya kai ni Amurka, amma tunda na dawo Kano ba taron ke yi mini yawo a rai ba, zane-zanen da na gani ne. Mai masaukina a Washington dattijo ne ɗan Maraɗi, aminin kawuna, ya daɗe yana tuƙin tasi a garin. Da ya ji na kama otal sai ya ɓata rai: "Haba ɗana, ina garin nan ɗan Alhaji zai kwana a otal?" Da kansa ya kwashe kayana. A daren Hajiya ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar ma daga gida aka aiko mata.

Shi ya sauke ni a ƙofar National Portrait Gallery, gidan da ake ajiye hotunan shugabanni da fitattun mutanen ƙasar. Har na zaro walat, mai gadi ya ce in wuce, kyauta ne. Haka gidajen tarihin Smithsonian na birnin suke, ba a karɓar ko sisi. Cunkoso ya fi yawa a gaban hoton Obama, wanda Kehinde Wiley ya zana aka buɗe shi a 2018. Mahaifin Wiley ɗan Najeriya ne. Obama na zaune a kujerar katako, ya ɗan duƙo gaba ya harɗe hannuwa, koren ganye ya lulluɓe bayansa har yana neman rufe ƙafafunsa. A cikin ganyen akwai furanni iri uku, na Kenya ƙasar mahaifinsa, na Hawaii inda aka haife shi, da na Chicago inda ya fara siyasa. Abin da ya ɓata mini rai, yawancin mutane da isowarsu sai su juya wa zanen baya su ɗauki kansu a waya su wuce, ko minti ɗaya ba sa ba shi.

Inda aka kama zuciyata shi ne Phillips Collection, tsohon gidan wani attajiri, Duncan Phillips, da ya buɗe shi ga jama'a a 1921. A nan na tarar da aikin Jacob Lawrence, baƙar fata da ya tashi a unguwar Harlem ta New York. Yana ɗan shekara 23, tsakanin 1940 da 1941, ya zana allo 60 a kan ƙaurar baƙaƙen fata daga kudancin Amurka zuwa biranen arewa, ƙaurar da ta kwashi mutum kusan miliyan 6 kafin 1970. Allunan ƙanana ne, inci 12 da 18, kuma ba ɗaya bayan ɗaya ya gama su ba. Jera su ya yi gaba ɗaya, ya bi su da launi guda har ya ƙare, sannan ya ɗauko wani launin, don kada su bambanta. Shi ya sa ja da ruwan ɗorawa da shuɗin da ke allo na farko su ne dai a na ƙarshe.

A allo na 1 jama'a ce ta yi dafifi a tashar jirgin ƙasa, ƙofofi uku an rubuta Chicago, New York, St. Louis, fuskokin mutanen ba ido ba hanci. A na 3 ga su nan da ƙunshin kaya a ka da a hannu, tsuntsaye na bin sama da su. Nan take na tuna 'yan cirani a tashar mota bayan kaka, da buhu da tabarma. Amma na 15 ya nuna mini ba neman kuɗi kaɗai ya tayar da su ba: reshen itace ne da igiyar rataya tana reto, ga wani mutum a zaune ya dunƙule, kansa a ƙasa. Ba jini, ba gawa, amma wallahi sai da na nemi wurin zama. Mutane ne suka zana abin kunyar ƙasarsu, aka rataye shi a babban birninta, ana kawo 'yan makaranta su gani. Mu kuwa yaranmu nawa aka taɓa kaiwa Gidan Makama, ga shi nan a bakin ƙofar fada?

Lawrence ba baƙonmu ba ne. Ya zo Najeriya a 1962 ya baje aikinsa a Legas da Ibadan ƙarƙashin ƙungiyar Mbari, wadda masu zanen da suka yi karatu a Zariya irin su Uche Okeke da Demas Nwoko ke cikinta. A 1964 ya dawo da matarsa Gwendolyn Knight, suka yi wata takwas yana zana kasuwanninmu. Da na ba Baba mai masaukina labarin da dare, ya ce shekara da shekaru yana sauke fasinja a ƙofar gidan nan bai taɓa leƙawa ba. Ya kuma ce shi zanen mai rai ba ya kwanta masa a rai. Na ce, "Gaskiya ne Baba, ni ma akwai ɗakunan da na sunkuyar da kai na wuce saboda tsiraici." Amma wannan tarihin talakawa ne, kuma ban ga abin ƙi a cikinsa ba.

An raba allunan tun 1942, masu lambar mara suna Washington, masu cika suna MoMA, gidan zane-zanen zamani a New York. Wannan ya sa na hau bas, tafiyar awa huɗu da wani abu. A New York kuwa komai kuɗi ne. Shiga MoMA dala 30, ku lissafa da naira ku gani. Ruwan roba da ɗan burodi a ciki sun isa cefanen yini biyu a gidana. Na ga gwangwanayen miyar Campbell's guda 32 da Andy Warhol ya zana a 1962, na ga katafaren zanen Jackson Pollock na 1950, faɗinsa ya haura mita 5, wanda ya shimfiɗa a ƙasa yana ɗiga masa fenti. Na daɗe a gabansa, akwai ƙarfi a ciki, amma bai faɗa mini komai ba. Ƙananan allunan Lawrence sun fi shi nauyi a wurina nesa ba kusa ba.

Rashin mutunci ɗaya na gamu da shi, a wani ƙaramin shagon baje zane da ba zan kama sunansa ba. Ina cikin kaftani da hula, mai gadin ya riƙa bina ɗaki zuwa ɗaki, har ya kaɗa mini yatsa wai in ja baya, alhali ina bayan layi, ga wasu sun fi ni kusa bai ce musu uffan ba. Na dube shi na fita. Mutanen garin gaba ɗaya ba su da gaisuwa, kowa sauri, amma in ka tambayi hanya za su tsaya su nuna maka tsakani da Allah.

A Harlem na yi Juma'a, na yi ciniki da wani ɗan Senegal a kasuwar titi na 116, ya rage mini kusan rabi da ya ji daga Kano nake. Gidan zane-zane na Whitney na shiga a gurguje, na ga zanen Edward Hopper na jerin shaguna a rufe da sassafe, titi ba kowa. A gidan tarihi na Metropolitan kuwa ƙafa ta riga ta gaji, ɓangaren Amurka kawai na zaga, washegari na kama hanyar filin jirgi.