Injin da ke cikin Carina E ɗina

Shekara 11 ke nan ina hawan Carina E ɗin nan, ƙirar 1996, 'yar Kwatano. Jikinta ya sha fenti sau biyu, amma injin da ta zo da shi ne a ciki har yau, wanda Toyota ta sa wa suna 4A-FE. Shi ne kuma a cikin Corolla da yawa na shekarun 1990.

Ƙaramin inji ne: lita 1.6, silinda huɗu, bawul 16, ƙarfinsa ya ɗan haura doki 100. Gangar jikinsa zubin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyom. Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne tamin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin. Ya taɓa tsinke min a hanyar Zariya, gab da Kwanar Dangora, da magariba. Na ɗauka injin ya tafi ke nan. Washegari aka ɗaura sabon bel, aka saita tamin, mota ta tashi, domin a wannan injin fistin ba ya dukan bawul idan bel ya tsinke. Duk da haka yanzu ba na bari ya kai kilomita 100,000 ban canza shi ba.

Yana da nasa ciwon. Kwayil ɗinsa, mai haɗa wutar fulogi, a cikin distiributa mai raba wutar yake, idan ya fara gajiya sai mota ta riƙa mutuwa da zarar ta yi zafi, ta huce ta sake tashi. Robar gindin distiributar da gaskit ɗin murfin sama kan yi yoyon baƙin mai. Silo ma, wato aikin injin in mota tana tsaye ba a taka totur ba, yakan yi rawa idan datti ya taru a maƙogwaron totur, wankewa kawai yake so.

Wanda ya fi ci min rai zafi ne, kuma hannun mutum ne ya jawo shi. Wani bakanike ya ce min, "Alhaji, tamostat na ƙasar sanyi ne, mu nan cire shi muke yi." Tamostat shi ne ke hana ruwa zuwa lagireto har sai inji ya yi zafi. Ya cire, ya haɗa fanka kai tsaye. Daga nan mota ta ƙara shan fetur, don injin ba ya kai zafin da aka ƙera shi a kai, kwamfutarsa kuma sai ta yi ta ƙara masa mai. Ashe tun farko lagireto ne ya toshe da tsatsar ruwan rijiya da ake ɗura masa. A watan Afrilu, cikin cunkoso, allurar zafi ta haye, gaskit ɗin top, wanda ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone. Sai da aka kai kan injin aka goge shi.

Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da kaina na sayo tamostat da lagireto, na tsaya a kai aka mayar da fanka kan na'urarta. Yanzu ruwan lagireto na galan nake zubawa.

Kwanan nan tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi da safe in an tayar da ita, ya ɗauke bayan minti ɗaya. Robobin bawul nake zargi, ba ringin fistin ba. Bayan salla za a buɗe mu gani, in sha Allahu.