Abin da log ya nuna mini a rajistar manoma

Manhajar rajista na gina wa wata ƙungiyar manoma da Django, tsarin gina manhajojin intanet da harshen Python, bayanan kuma suna shiga MySQL, rumbun ajiye bayanai. Wakilan ƙungiyar suna zagaya ƙauyuka da wayoyinsu, suna shigar da suna, gari, lambar waya da girman gona. Koken da ke iso ni kullum iri ɗaya ne: "Malam, abin nan ya ƙi." In na tambayi me ya rubuta, sai a ce farin shafi ne da lamba 500. Yau ya karɓa, gobe ya ƙi, kowa kuma ya ɗora wa sabis ɗin waya laifi, tunda shi ne jakin da aka saba ɗora wa kaya.

Akwai halin Django da ya kamata mai koyo ya sani. Da zarar ka mayar da DEBUG zuwa False, wato ka kashe nuna cikakken bayanin kuskure a shafi, tsarinsa na asali imel yake tura wa waɗanda ke cikin ADMINS idan kuskure ya auku. In ba ka sa kowa a can ba, kuskuren ya wuce ke nan, babu inda aka rubuta shi. Don haka na buɗe settings.py, fayil ɗin saitin Django, na tsara LOGGING, wato yadda za a rubuta log, fayil ɗin da manhaja ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta: daga matakin WARNING zuwa sama komai ya shiga fayil, da RotatingFileHandler don kada fayil ɗin ya cinye wurin ajiyar saba, kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta. Sannan na bar tail -f, umarnin da ke nuna sabbin layukan fayil suna shigowa, a buɗe ina jira.

Da kuskuren ya zo, layinsa na ƙarshe ya isa. Lambar MySQL 1366 ce, tana cewa ta ƙi karɓar wannan a gurbin sunan gari: \xC6\x98an\xC6\x99. Na ɗan jima ina kallonsa kafin "an" ɗin da ke tsakiya ya fargar da ni. Ƙanƙara ce. A tsarin UTF-8 na mayar da haruffa lambobi, babban Ƙ shi ne C6 98, ƙaramin kuma C6 99. Teburin an gaje shi ne daga tsohon tsarin ƙungiyar, yana kan tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne na asali a MySQL 5.7 kafin siga ta 8.0 ta koma utf8mb4. Latin1 bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Wakilin da ke da allon rubutun Hausa a wayarsa, mai ƙoƙarin rubuta Ɗanjuma daidai, shi ake kora. Wanda ya buga Danjuma da gaggawa ya wuce lafiya. Umarnin ALTER TABLE ɗaya ya gyara, bayan na ajiye kwafin bayanan.

Tun daga nan nake ɗaukar log a matsayin abin karantawa kowace safiya, ko da ba wanda ya kira. Yawancinsa tarkace ne: injinan da ke yawo a intanet suna neman wp-login.php a sabar da ba ta taɓa ganin WordPress ba. Da umarnin grep -v nake tace su daga abin da nake karantawa, sauran in bi layi-layi. Daga baya na haɗa Sentry, wanda ke tara kurakurai masu kama da juna wuri guda. Yana da amfani, amma na fi son sabon shiga ya fara da fayil ɗin, ya koyi karanta jerin kiran, wato matakan da manhaja ta bi har kuskuren ya auku, daga ƙasa zuwa sama.

Lokaci ma yana ruɗa mutum. Wakili zai ce ƙarfe huɗu abin ya faru, log ɗin nginx, manhajar da ke karɓar buƙatu a saba, ya nuna 15:00, domin sabar tana kan UTC, agogon duniya, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya. Yanzu kowace buƙata tana da lambar shaida da ke fitowa a shafin kuskure, wakili ya ɗauki hoto ya turo ta WhatsApp.

Abu biyu na hana a aikin. Ba a rubuta except sannan pass, wato a kama kuskure a yi shiru da shi; logger.exception ake sawa don ya shiga log. Kuma lambar waya, BVN da kalmar sirri ba sa shiga log, domin fayil ne da ake turawa nan da can wajen neman taimako, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Wata matsalar ba ta taɓa bayyana a matsayin kuskure ba. Na sa a riƙa rubuta duk binciken da bai samo komai ba a matakin INFO, na ƙasa da WARNING, shi ma ya shiga fayil ɗin, sai ga sakataren ƙungiya yana ta neman Kankara, manoman kuma an shigar da su a Ƙanƙara. Dole na ƙara gurbi na biyu mara lanƙwasa don bincike kawai, na bar sunan na asali yadda wakilin ya rubuta shi.