Tarihin Rayuwar Jirgin Ruwa Furious, Kashi Na Biyu: Wahalar Sauka

Makon jiya mun bar Furious a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Armstrong Whitworth, bakin kogin Tyne a arewacin Ingila, an tura gangar jikinsa cikin ruwa a watan Agustan 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wanda bai samu kashin farko ba, ga abin da ya wuce shi a dunƙule. Admiral Fisher, babban hafsan sojojin ruwan Birtaniya a lokacin, ne ya sa aka zana shi, da niyyar kutsawa tekun Baltik: jirgi mai tsawon mita 240, mai gudun kilomita 58 a awa, sulken gefen jikinsa bai wuce kaurin inci 3 ba, amma da igwa biyu masu faɗin baki inci 18, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya, kowace tana jefa harsashi mai nauyin kilo 1,500. Fisher ya bar kujerarsa tun 1915, shirin Baltik ya bi ruwa, aka bar sojojin ruwan Birtaniya da ƙaton jirgi mai gudu wanda ba a san aikin da za a ba shi ba.

Aikin ya zo daga sama. Manyan jiragen balan-balan na Jamus, wato Zafilin, suna shawagi a kan Tekun Arewa suna leƙen duk motsin rundunar Birtaniya. Abin da ake da shi a lokacin jirage ne masu ƙafafun kwale-kwale, waɗanda ke tashi daga kan ruwa. Kafin ɗaya ya tashi sai jirgin dakonsa ya tsaya cak, a sauke shi da ƙugiya, kuma sai ruwa ya kwanta. Tsayawa a tekun da jiragen ƙarƙashin ruwa ke farauta kuwa neman mutuwa ne. Ko ya tashi, nauyin ƙafafun nan ba ya barinsa ya yi saman da Zafilin ke kaiwa. Dole sai jirgi mai taya, mara nauyi.

Don haka tun bai bar ma'aikata ba aka yi masa aikin tiyata na farko. Aka fasa ɗora igwar gaba, aka gina ɗakin ajiye jirage a gurbinta, aka shimfiɗa dandamali a kan rufin ɗakin mai tsawon kusan mita 70, ya ɗan sunkuya zuwa goshin jirgi. Igwar baya tana nan, ɗakin tuƙi da bututun hayaƙi suna tsakiya yadda suke. Haka ya fara aiki a ƙarshen Yunin 1917, rabinsa filin jirgi rabinsa jirgin yaƙi. An ce duk lokacin da aka harba igwar da ta rage, sai ƙusoshin jikinsa su riƙa tsinkewa, don jikin bai kai ƙarfin bindigar ba.

Tashi daga kan jirgin ruwa ba sabon abu ba ne a 1917. Eugene Ely ya yi shi a Amurka tun Nuwamban 1910 daga kan USS Birmingham, Charles Samson ya yi shi daga HMS Hibernia a 1912 jirgin yana tafiya. Lissafin a fili yake: fuka-fuki ba ruwansu da gudun taya a ƙasa, iskar da ke ratsa su kawai suka sani. Idan jirgin ruwa ya fuskanci iska ya ba da wuta, rabin aikin ya ƙare tun ƙaramin jirgin bai motsa ba. Dawowa ce matsalar. Ely ya sauka a kan USS Pennsylvania a Janairun 1911, da igiyoyi da aka giciye aka ɗaure da buhunan yashi, amma jirgin ruwan yana tsaye a mashigin San Francisco. A fagen yaƙi, matuƙin da ya tashi sai ya nemi tudu, ko ya faɗa ruwa kusa da jirgin rakiya ya jira a tsamo shi. Jirginsa kuwa galibi an yi asararsa ke nan.

Kwamandan matuƙan Furious, Edwin Dunning, ɗan shekara 25, ya ga wannan asara ba ta da dalili. Jirgin da suke tuƙawa, Sopwith Pup, katako ne da yadi da waya, da kaya da mutum bai wuce kilo 560 ba, injinsa mai ƙarfin doki 80. Yana iya zama a sama da ɗan ƙaramin gudu. Ranar 2 ga Agusta, 1917, a Scapa Flow da ke tsibiran Orkney, Furious ya fuskanci iska mai gudun kusan kilomita 39 a awa, shi kuma yana zuba 48. Jimilla kenan 87 a kan dandamali, wanda ya yi kusa da gudun da Pup ke buƙata don kada ya faɗo. Wato idan ya daidaita da jirgin ruwan, wanda ke tsaye a kan dandamali zai gan shi kamar shirwa ta tsaya a iska.

Sai dai filin yana gaba, ginin tsakiya ya tare hanyar shigowa ta baya. Dunning ya taho ta gefen jirgin, ya wuce bututun hayaƙi da ɗakin tuƙi, sannan ya zame a karkace ya shigo kan dandamalin. An riga an ɗaura maɗaurai a jikin Pup ɗin, a fuka-fuki da wutsiya. Jami'ai suka ruga ƙarƙashinsa, suka kama maɗauran, suka janyo shi ƙasa da ƙarfin hannu, shi kuma ya kashe inji. Jirgin ba shi da birki, dandamalin ba shi da abin tarewa, hannayen mutane ne kaɗai. Wannan ce saukar farko da aka taɓa yi a kan jirgin ruwa mai tafiya.

Kwana biyar bayan haka, 7 ga Agusta, ya sake sauka lafiya. Ya koma sama a karo na uku, kuma a nan ya kamata a san halin injin. Irin wanda silindojinsa ke juyawa tare da farfela ne, kuma idan matuƙi zai rage gudu wajen sauka, maɓalli yake dannawa ya yanke wutar fulogi, ya saki, ya sake dannawa. Man fetur bai daina shiga ba yayin da wutar ke yanke. In an daɗe a haka injin yakan shaƙe, ka nemi ƙarfi ya ƙi zuwa. Dunning ya ga saukar ba ta yi masa daidai ba, ya yi wa masu kamawa hannu su kauce, ya nemi ya sake tashi. Injin ya shaƙe. Pup ɗin ya faɗo a kan taya, ya kauce ta gefen dama ya faɗa teku a gaban jirgin. Buguwar ta sumar da shi, ya nutse a cikin kujerarsa kafin a kai gare shi.

Hukuma ta hana sauka a dandamalin gaba. A Nuwamban 1917 Furious ya koma ma'aikata, tiyata ta biyu. Aka cire igwar baya, aka shimfiɗa dandamalin sauka mai tsawon kusan mita 90 a bayan bututun hayaƙi, da ɗakin ajiya na biyu a ƙarƙashinsa. Aka sa lif a gaba da baya don hawa da sauke jirage. Tun da ginin tsakiya ya raba filayen biyu, sai aka yi 'yan siraran hanyoyi ta gefensa, dama da hagu, ana tura jirgin da ya sauka a baya a kan amalanke zuwa gaba inda zai tashi. A kan dandamalin sauka aka ja wayoyi a tsaye, daga baya zuwa gaba, aka cire wa wasu jirage taya aka sa musu sanduna masu zamiya da ƙugiyoyi, don waya ta riƙe su kada su kauce gefe kamar na Dunning. A ƙarshen filin aka kafa wata ƙofa da igiyoyi masu kauri rataye, ta tare duk wanda ya zarce kafin ya daki bututu.

A takarda komai ya yi kyau. Da ya dawo aiki a Maris 1918 aka fara gwaji, sai aka ga an gudu ba a tsira ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan katanga ranar da hunturu ke kaɗawa ya san abin da iska ke yi idan ta daki gini: ta rabu biyu, ta dawo tana murɗawa, wani wuri ma ta ɗauke ɗif. Ƙara da hayaƙi mai zafi daga tukwanen jirgi, wanda ke tashi sama sannan ya gangaro daidai inda matuƙi ke shigowa. Matuƙin ya taho da iska mai ƙarfi a fuka-fukinsa, yana isa kan dandamali ta ɓace, jirgin ya faɗo kamar an yanke igiya, ko ya yi tsalle ya tafi ya rungumi igiyoyin ƙarshe. Sauka uku kacal aka yi lafiya kafin a sake hanawa. A ganinmu wannan gyaran ya fi na farko muni, domin na farko jahilci ne na sabon abu, wannan kuwa an kashe wata huɗu da kuɗi ana kewaye abin da kowa ke gani tsaye a tsakiyar jirgi.

Da wannan nakasa Furious ya yi abin da ya sa sunansa a tarihi. A Tondern, garin da ke hannun Jamus a lokacin, yau kuma yana cikin Danmak, akwai rumfunan ajiye Zafilin. Da asubahin 19 ga Yuli, 1918, jirage bakwai ƙirar Sopwith Camel suka tashi daga dandamalin gaba, uku a rukunin farko, huɗu a na biyu, kowanne da bam biyu masu nauyin kusan kilo 23. Irin Camel na ruwa ne, wanda ake iya raba gangar jikinsa biyu don ya shiga ɗakin ajiya. Ɗaya ya sami matsalar inji ya juyo tun a hanya. Sauran suka isa, bama-bamai suka huda rufin babbar rumfar, Zafilin biyu da ke ciki, L 54 da L 60, suka ƙone ƙurmus.

Ga lissafin dawowa. Uku sun ga mai ba zai kai su ba, suka sauka a Danmak, wadda ba ta cikin yaƙin, aka tsare su. Ɗaya, Laftanar Yeulett, ya faɗa teku ya rasu. Biyu suka iso wurin rundunar, suka ga jirgin da suka tashi daga kansa da filin saukarsa shimfiɗe, suka wuce shi suka faɗa ruwa kusa da jiragen rakiya aka tsamo su. Ɗaya daga cikin biyun, William Dickson, shi ne daga baya ya zama babban hafsan tsaron Birtaniya. Jirage bakwai sun tashi, babu ko ɗaya da ya sake taka dandamalin.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A lokacin ana ƙera wani jirgin, Argus, daga gangar jikin jirgin fasinja da aka fara yi wa wani kamfanin Italiya. Zanensa na farko yana da gine-gine a gefe biyu na dandamali. Abin da ya faru a Furious, da gwajin da aka yi wa ƙananan samfura a ramin iska (ɗakin gwaji da ake hura iska a cikinsa), suka sa aka share su duka. Argus ya fito a Satumban 1918 da dandamali sumul daga goshi zuwa ƙeya, hayaƙinsa na bin bututu a kwance ya fita ta baya. Yaƙi ya ƙare kafin ya yi wani aiki. Amurka ta bi wannan fasali da Langley a 1922, wanda asalinsa jirgin dakon kwal ne, Japan kuma ta fitar da Hosho a ƙarshen wannan shekarar.

Tiyata ta uku ta ɗauki Furious daga 1921 zuwa 1925. Aka aske duk abin da ke sama: ɗakin tuƙi, bututu, turaku. Aka gina ɗakin ajiya hawa biyu, aka rufe shi da dandamali mai tsawon mita 175 da faɗin 28. Dandamalin bai kai goshi ba, an bar ƙaramin fili a ƙasa ta gaba inda ƙananan jiragen yaƙi za su fito kai tsaye daga ɗakin ajiya na sama su tashi, ko ana amfani da babban filin. Masu tuƙi aka ba su 'yan wurare a gefe biyu na bakin dandamali, da wani ɗan ɗakin taswira a tsakiya wanda ake nutsar da shi ƙasa idan jirage za su tashi. Yana ɗaukar jirage 36.

Hayaƙin dai bai bar shi ba. An bi da shi ta manyan bututai a kwance, gefe da gefen ɗakunan ajiya, har zuwa baya. Bututan sun cinye wurin da jirage za su zauna, sun mai da bayan jirgin tanderu, ga baƙin toka da ke shafe ƙeyarsa kullum. Shi ya sa da aka zo juya 'yan'uwansa biyu, Courageous da Glorious, sai aka tattara bututu da ɗakin tuƙi aka jingine su a gefen dama, kamar yadda aka yi wa wasu jiragen dakon jirage na Birtaniya, Eagle da Hermes, suka samu wurin jirage 48. Dalilin da aka fi bayarwa na zaɓen dama shi ne matuƙan wancan zamani, idan sauka ta ɓaci, hagu suka fi karkata. Wayoyin tsaye ma an cire su a 1927, don sun fi karya ƙafafun jirage a kan ceton su, aka yi shekaru ana sauka da iska da hannun ma'aikata kawai, kafin a koma ga dabarar Ely ta giciye waya, wannan karon da na'urar da ke shanye ƙarfin jan. A kan wannan dandamali aka yi saukar dare ta farko a 1926, da jirgi ƙirar Blackburn Dart.

Mako mai zuwa za mu shiga Yaƙin Duniya na Biyu, inda 'yan'uwan nan biyu suka nutse tun kafin a cika shekara guda, Courageous a Satumban 1939, Glorious a Yunin 1940. Shi kuwa tsohon, Furious, a Nuwamban 1940 ya doshi Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yau, cike da jirage ƙirar Hurricane, waɗanda daga can za su bi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Hartum har su isa Masar.