Ƙwan fitila yana haske, ashe ya daɗe da mutuwa

Jiya na miƙa makullin ɗakin baya na yi sallama da kowa, shekara uku da 'yan watanni kenan ina wanke tankunan kunkurun ruwa a wurin da ake sayar da su. Ku da muka yi aikin tare kun san ɗakin kun san warinsa, ba sai na faɗa muku yadda ake kwashe ruwa da safe ba. Maganar da nake so na yi ita ce ta 'yan kunkuru goma sha ɗayan nan na tanki na biyu da bakwai a cikinsu suka mutu, don har yau akwai masu cewa wai sakacina ne kawai, kuma gaskiya abin yana cina.

Irin masu jan tabo a wajen kunne ne, waɗanda asalinsu daga kwarin kogin Misisipi ne a Amurka, ana kawo su ƙanana kamar kwabo. Lokacin ban fi wata biyar da fara aiki ba. Ɗaya a cikinsu ta cika hawa, sau biyu ina tsintarta a ƙasa ta faɗo, sai na ce bari na yi dabara, na samo wani faifan gilashi na rufe saman tankin, fitilarsu tana sama tana haskawa ta cikinsa. Har daɗi nake ji wai na yi basira. Ba wanda ya gaya min cewa hasken UVB, wato wani sashe na haske da ido baya gani wanda fitilarsu take bayarwa a madadin rana, baya ratsa gilashi, kuma shi wannan hasken da shi jikin kunkuru yake haɗa bitamin D3, in babu D3 duk kalsiyam ɗin da ka zuba masa a abinci wucewa kawai yake yi. Sai jiki ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi da ƙoƙon baya. Wajen wata uku na ɗauki ɗaya zan goge ta, na ji bayan ya lotsa a yatsana kamar kwali ya sha ruwa, wallahi har yau ina jin abin a hannuna.

To wannan nawa ne, na ɗauka. Amma akwai rabin labarin da ba a faɗa a taron ma'aikata ba. Ƙwan UVB ɗin da ke kan tankin ya kusa shekara biyu ba a canza ba, na gani a takardar kaya da idona daga baya. Irin wannan ƙwai tsakanin wata 6 zuwa 12 ƙarfinsa yake ƙarewa, zai ci gaba da haske fes kamar sabo amma abin da ake nema a cikinsa ya tafi. Tun kafin na sa gilashin, wanda na gada a ɗakin ya ce a sayo sabo, oga ya ce “ƙwai yana kamawa ka ce a canza, kuɗin ubanka ne?” Yanzu ko babu gilashina ƙila da sun kamu, ƙila da ba su kai haka ba, Allah ne masani. Bakwai suka mutu. Ranar da aka tara mu oga ya ɗaga faifan gilashin nan sama kowa ya gani, ya ce “kai yaro wa ya sa ka?”, aka yanke min albashi, maganar ƙwai kuwa ko tari ba a yi ba. Laifi tudu ne dai. Washegari da sassafe na ga an saka sabon ƙwai, shiru, kamar aljanu ne suka kawo.

Abin da ya fi min ciwo ma ba yankan albashin ba ne, shirun da na yi ne. Sati biyu kafin su fara mutuwa na lura ba sa hawa dutse shan ɗumi, ƙafafun bayansu suna ja, na ce ko sanyi ne, tsoron faɗa ya hana ni magana. Da an kai su wurin likitan dabbobi a lokacin da wasu sun tashi, don wannan cutar laushin ƙashi in an kama ta da wuri ana shawo kanta. Kunkuru baya kuka baya nishi, kafin ka ga alama abu ya yi nisa.

Daga nan na koma ɗan naci, na sani wasunku sun gaji da ni. Ni ne mai manna takarda a jikin kowace fitila da kwanan watan da aka saka ta. Ni ne mai yawo da ma'aunin zafi, ruwa ya zauna wajen digiri 24 zuwa 27, kan dutse kuma 30 zuwa 35, kuma dutsen ya zama busasshe ƙayau ta yadda za su fito gaba ɗaya su bushe. In za a rufe tanki a sa raga mai manyan ido. Tsakuwa ƙanana a cire, haɗiyewa suke. Filta, wato na'urar tace ruwa, a sa wadda ƙarfinta ya ninka girman tankin biyu ko uku don kashinsu ba irin na kifi ba ne. In ka ga yana iyo a karkace ko kumfa a hanci, ciwon huhu ne, kar ka jira gobe.

Sai maganar kwastoma, wadda ita ce ta ƙarasa raba ni da oga. Mutum zai shigo da ɗansa ɗan shekara huɗu yana son “ɗan ƙaramin nan”, a haɗa shi da 'yar roba mai bishiyar roba a tsakiya ya tafi. Ni kuma sai na ce masa Alhaji wannan fa macen tana kaiwa santimita 30, tana iya yin shekara 20 zuwa 30 ko fiye, ƙa'idar masu kiwo ita ce kusan lita 40 na ruwa ga kowane inci ɗaya na bayanta, kuma suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, shi ya sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da wanda bai kai inci 4 ba saboda yara suna sa su a baki. Rabinsu sai su fasa saya. Oga ya ce ina kashe masa kasuwa. Ni dai na san masu sayan ba tare da sani ba su ne in ta girma suke zuwa su sake ta a tafki, har abin ya kai Tarayyar Turai ta hana shigo da su a 1997 saboda suna korar kunkurun da ke wurin tun asali.

A cikin huɗun da suka rayu akwai mai hawan nan da ta jawo komai. Bayanta ya warke amma ya karkace gefe ɗaya, ba wanda zai saye ta, oga ya ce na ɗauke ta in ina so. Tana wurina yanzu, ta kai tafin hannuna biyu, ta fi son ganye a kan nama kamar yadda suke yi in sun girma. Wanda zai karɓi ɗakin baya, ƙwan tanki na biyu wata mai zuwa lokacinsa yake cika, takardar tana manne a jikin fitilar, in oga ya ce ai yana haske ka nuna masa rubutun.